'Yar Misfala a Bakin Raga

Ƙanwata ita ce autar gidanmu, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta kai har ni na goya ta. A unguwar Misfala ta Makka aka haife mu duka, a wani tsohon bene mai matsattsiyar matakala, wanda in ka hau rufinsa kana hango hasumiyoyin Harami. Kakanninmu daga Kano suka zo aikin hajji suka zauna. Ummi da Abuya Hausa suke yi mana, mu mayar musu rabi Hausa rabi Larabci. Auta kuwa Larabcinta ya fi yawa, sai in tana neman wani abu a wurin Ummi ne Hausarta take miƙewa sarai.

Abuya sana'ar ƙanƙara ya yi tun yana saurayi. Yakan ɗauko manyan sandunan ƙanƙara daga masana'anta a bayan ƙaramar motarsa, ya bi lungu-lungu yana sauke wa masu masaukin alhazai da masu sayar da lemo. Inda mota ba ta shiga, a kafaɗa yake ɗauka, da tsohon buhu a ƙasa don kada sanyi ya ci masa fata. Da firji ya wadata a gari sai ya buɗe ɗan shagon abin sha mai sanyi kusa da gida.

Auta ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A lokacin babu darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata, don haka rufin gidanmu ne filinta. Tana buga ƙwallo da 'ya'yan kawunmu tsakanin igiyoyin shanya, kuma kullum ita ake sa wa tsaron gida, saboda ita kaɗai ce ba ta runtse ido in an bugo mata. Da ta fara girma Ummi ta hana. Ba ta yi musu ba, amma ta yi kwanaki ba ta dariya.

Karatu ya karɓe ta. Da ta gama sakandare ta samu tallafin gwamnati na karanta haɗa magunguna a wata ƙasar Turai mai sanyi. Ƙa'idar wancan lokaci sai da muharrami, sai aka haɗa ta da ƙanena, wanda take bi, shi ma ya shiga makarantar koyon Turanci. A shekarar ne kuma aikin faɗaɗa hanya ya biyo ta layinmu, muka kwashe muka koma unguwar Shisha, a wani bene mai lif da tagogin da ba a buɗewa. Gidan ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, amma Ummi ta rasa maƙwabtan da ta yi rayuwarta da su, ga auta ba ta nan. Sai ta wuni a falo da carbi, ta kunna talabijin ba ta kallo.

Can wurin auta ma abin bai zo da sauƙi ba. Watannin farko duk kiran da auta za ta yi mini da kuka take gamawa. Rana tana faɗuwa tun kafin ta fito daga aji, ruwa ba ya ɗaukewa, ba ta da ƙawa. Ummi har ta fara cewa a dawo mata da 'yarta, karatun ya isa haka.

Wata rana ta kira ni muryarta daban.

"Yaya, kin san inda na je yau?"

"Ina?"

"Kan ƙanƙara. Fili guda, Yaya, ya fi farfajiyar makarantarmu girma, duk ƙanƙara. Na faɗi har na rasa inda ba ya mini ciwo."

Tana faɗa tana dariya. Ashe wata doguwar yarinya 'yar sashensu ce ta ga kullum tana zama ita kaɗai, ta ja ta zuwa wurin atisayen ƙungiyarsu. Ƙungiyar mata ce ta jami'ar, masu wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda auta take kira hoki. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Suna sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulu a guje, kowace da gora mai lanƙwasa a baki, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri har sai sun jefa shi a ragar abokan hamayya.

Na ce, "To ke da ko tsayuwa ba ki iya ba, me za su yi da ke?"

Ta ce, "Mai tsaron ragarsu ta gama karatu ta tafi. Ba wadda take son wurin. Sun ce mai tsaron raga ba ta bukatar gudu sosai, rashin tsoro kawai ake nema."

Daga bakinta na samu tarihin ƙungiyar, a hankali a hankali, kira bayan kira. Ba ta daɗe da kafuwa ba. Wasu ɗalibai mata ne 'yan kaɗan suka gaji da zaman benci a ƙungiyar maza, suka ware suka kafa tasu. Doguwar nan tana cikinsu tun tana ajin farko, kuma ita ce kyaftin a lokacin da auta ta shiga. Kayan wasansu na aro ne daga mazan, rigunan har gwiwa, hulunan suna yawo a kai. Lokacin atisayen da aka ba su shi ne wanda kowa ya ƙi, da sassafe kafin gari ya waye. Ba su da koci, sai wata ma'aikaciyar ɗakin karatu da ta taɓa buga wasan a ƙasarsu tana zuwa tana nuna musu don Allah. Kuma tun da aka kafa ƙungiyar ba su taɓa cin wasa ba, ko sau ɗaya.

Sanar da iyayenmu ne ya rage. Ni aka ɗora wa. Na bari sai bayan sallar Juma'a, an ci shinkafa an ƙoshi, Abuya ya jingina da matashi yana jiran shayi, sannan na fara. Ban kai ƙarshe ba ya miƙe zaune.

"Wasa? A gaban mutane? Da wane irin kaya?"

Na miƙa masa wayata. Ƙanena ya turo hoto tun da safe. Abuya ya sa tabarau ya duba, ya matso da wayar, ya nesanta ta.

"Ina take?"

"Ga ta nan, Abuya. Ita ce a tsaye a bakin ragar."

Abin da ke cikin hoton ya fi kama da katifa mai ƙafafu. Manyan matasai a ƙwauri, wasu a ƙirji, safar hannu kamar faranti, ɗankwali a ciki, hular kwano a kai, ga ragar ƙarfe a fuska. Ummi ta karɓa ta daɗe tana kallo.

"Wallahi ko zuwa Harami ba ta taɓa rufe jikinta haka ba," in ji ta.

Abuya ya so ya riƙe dariyarsa bai iya ba. Da ya natsu sai ya ce a kira masa ita.

"Ya binti, ƙanƙarar da na yi rayuwata ina ɗauka a kafaɗa, ita kika je kina takawa?"

"Ita ce, Abuya."

"To ki taka ta da kyau, ta wahalar da ni. Amma ki ji: salla a kan lokacinta, karatu kuma in ya ja baya, a ajiye gorar nan."

"Tayyib, Abuya. Na yi alkawari."

Ummi ta ƙwace wayar ta ce ita haƙora kawai take ji, in aka zubar mata da su kada ta zo mata da kuka.

Gwaggonmu ta unguwar Hindawiyya ba ta ji daɗi ba. Ta hau tasi musamman ta zo har Shisha ta ce an tura yarinya neman ilimi an bar ta tana tsalle-tsalle da sanda cikin Turawa, me mutane za su ce. Abuya ya saurare ta har ta gama, ya sa aka ƙara mata shayi, ya tambaye ta ciwon gwiwarta.

Wasan farko da muka kalla, ƙanena ne ya riƙe waya daga wurin zaman 'yan kallo, mu kuma muka haɗa tamu da talabijin. La'asar ce a wurinmu. Ba mu gane komai ba. Mutane suna wucewa fiu-fiu, faifan ba ya ganuwa, hannun ƙanena yana rawa don sanyi. Abin da muka iya ganewa kawai shi ne duk bayan ɗan lokaci sai auta ta juya ta zaro wani abu daga cikin ragarta. An lallasa su a ranar. Ummi ta ce, "Haba, ba wanda zai taimaka mata ne? Su waɗancan me suke yi?"

Na ɗauka daga nan ta gama da kallo. Sai ga shi mako na zagayowa ta tambaye ni yaushe za su sake yi.

Kafin sanyin shekarar ya wuce Ummi ta fi mu duka sanin wasan. Sunayen 'yan matan ba sa zama a bakinta, sai ta riƙa kiransu da kamanninsu: doguwar nan, mai jan gashi, 'yar guntuwar nan mai faɗa, tagwayen da ba tagwaye ba. Ta san wadda take rowar faifai da wadda take tsoron bango. Tana yi wa ƙanena tsawa ta waya in ya karkata hoton. "Kai, riƙe mini da kyau! Ba rufin ɗakin na ce ka nuna mini ba!" In an tura wata benci don ta yi laifi, sai Ummi ta ce alƙalin wasan ba shi da tsoron Allah. In lokacin magariba ya yi ana tsaka da wasa, ta tashi ta yi sallarta a natse, tana sallamewa ta juyo ta ce, "An ci mu?"

Ta fara aika musu kaya. Duk wanda za shi can sai ta ba shi dabino da yajin tsire wanda ta daka da kanta. Auta ta ce 'yan ƙungiyar suna barbaɗa yajin a kan dankali suna hawaye suna ƙarawa. Su kuma suka share mata wani lungu a ɗakin ajiye kaya, tsakanin goruna, inda take shimfiɗa dardumarta ta yi asuba kafin su shiga fili.

A shekara ta biyu suka ci wasansu na farko. Ina kicin na ji guɗa daga falo, irin wadda ban ji Ummi ta yi ba tun bikina. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata Bamisriya da ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba, ta hauro a guje ta ɗauka haihuwa aka yi. Ummi ta zaunar da ita ta yi mata bayanin komai. Daga ranar ita ma ta zama 'yar kallo, tana zuwa da farantinta na kek, kuma abota ta ƙullu tsakaninsu wadda har yau tana nan.

Bayan nasarar sai abubuwa suka fara sauyawa a can. Sababbin ɗalibai suka shigo, jami'a ta saya musu riguna daidai jikinsu, aka ba su lokacin atisaye na mutunci. A shekara ta uku suka yi ta cin wasa har suka kai wasan ƙarshe na kofin rukuninsu. Gwaggo ta Hindawiyya da kanta ta zo kallo, ta ce dama wucewa take yi.

Ba su ci ba. Ana kunnen doki har dab da tashi, sai wata ta bugo faifan daga nesa, bugun da auta ta saba tarewa ido rufe, ya bi ta ƙarƙashin hannunta ya shige. Muka ga ta durƙusa a kan ƙanƙarar ta kasa tashi, doguwar nan ta zo ta ɗago ta.

Bayan an tashi auta ta kira. Abuya ne ya karɓi wayar. A lokacin ya fara rashin lafiya, ya rame, shagon ma ya bar wa yaron kawunmu.

"Kin ci abinci?" ya tambaye ta.

"A'a, Abuya. Ni na jawo musu."

"Na ga wanda ya shiga. Na kuma ga waɗanda kika tare, sun fi shi yawa. Tashi ki ci abinci, ki je ki gaishe da 'yan uwanki na ƙungiya, su ma suna cikin baƙin ciki. Kada ki bar su su zo suna lallashinki."

Ya rasu a farkon sanyin da ya biyo baya. Da safe ya cika, aka yi masa salla a Harami bayan azahar, aka kai shi. Jirgin auta da ƙanena bai sauka ba sai washegari. Ta shigo gidan ta tarar da mata cike da falo, ta wuce ɗakinsa ta zauna a ƙasa kusa da gadon.

Bayan an watse ta ce ba za ta koma ba. Saura mata shekara guda ta gama, amma ta ce za ta nemi a mayar da ita wata jami'a a nan, ta zauna da Ummi. Ni na yi ta magana ba ta ji ba. Ummi tana cikin takaba, ba ta cika magana ba a kwanakin. Wata safiya muna karin kumallo ta ajiye kofinta.

"Auta, wa yake tsare musu raga yanzu?"

"Mai jan gashi ce ta karɓa, Ummi."

"Wannan? Wadda take kau da kai in an bugo?" Ta girgiza kai. "Ki shirya ki koma. Ni ina da yayarki, ina da maƙwabciyata. Fita ba zan yi ba sai na gama takaba. In kin zauna nan, me zan kalla?"

Ta koma. Ummi ta kalli wasannin shekarar a kan dardumarta, cikin fararen kayanta, ba guɗa ba tsawa, sai dai in an taso wa ragar auta ka ga leɓenta yana motsi. Ta fita takaba saura 'yan makonni a yi wasan ƙarshe, kuma suka sake kaiwa.

Wannan karon ma kunnen doki aka tashi, aka ce za a raba gardama da bugun ɗaya-bayan-ɗaya, kowace ta taho ita kaɗai ta fuskanci mai tsaron raga. Ni na kasa kallo, na tsaya a bakin ƙofar kicin na juya baya. Muryar Ummi nake bi. "Ta tare. Alhamdu lillahi." Can kuma, "Wannan ya shiga, ba komai, ba komai." Sai Bamisriyar nan ta ƙwala ihu, farantin kek ya kife a kan kafet. Da na juyo, hoton rufin ɗaki kawai yake nunawa, don ƙanena ya manta da mu yana tsalle. Ummi ba ta yi masa faɗa ba. Hawaye take yi tana cewa, "Allah ya jiƙan mahaifinki, Allah ya jiƙan mahaifinki."

Shi ne kofi na farko da ƙungiyar ta taɓa ɗauka. Gwaggo ta sa aka wanke mata hoton auta da kofin, ta rataye a falonta a Hindawiyya, duk wanda ya shigo sai ta ce masa 'yar ƙaninta ce, kuma ita ta fara ba ta ƙarfin gwiwa.

Auta ta gama karatunta ta dawo, tana aiki a sashen magani na wani asibiti a nan Makka. Haƙoranta duk suna nan. Ƙungiyar ta ci gaba bayanta, sun hau rukuni na sama, har sun kafa ta biyu don masu koyo. Takan nuna mana hotunansu, fuskokin duk sababbi, a cikinsu akwai masu ɗankwali a ƙarƙashin hula.

Bara doguwar nan ta zo wani taron aiki a Jidda. Tun da ba musulma ba ce ba za ta iya shigowa Makka ba, auta ta ce za ta je ta gan ta ta dawo. Ummi, wadda sai an yi da gaske take yarda ta je ko Hindawiyya, ta ce ba a isa a tafi a bar ta ba. Ta kwana biyu tana shiri. Ta daka yaji, ta sa aka yi dambun nama, ta zaɓi turare.

Auta ce ta tuƙa mu. A bakin teku muka haɗu bayan la'asar. Matar ta fi yadda muke ganinta a talabijin tsawo, sai da ta rusuna sosai kafin Ummi ta iya rungume ta. Ummi ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana yi mata Hausa, auta tana fassarawa.

"Ki gaya mata na gode da ta ɗago mini ke ranar da kika faɗi."

Auta ta faɗa, idon matar ya cika da ƙwalla.

"Ki kuma tambaye ta, a wasan nan da aka ci ku, me ya sa ba ta ba 'yar guntuwar nan faifan ba, alhali tana tsaye ita kaɗai a gaban raga?"

"Ummi!"

"Ki tambaye ta mana."

Auta ta tambaya. Matar ta buɗe baki, ta dafe kai, ta fashe da dariya har ta zauna a kan dakali. Ta ce shekara da shekaru abin yana damunta, kuma ko kocinsu ba ta lura ba.

Muka shimfiɗa tabarma muka ci dambu da shayi har aka kira magariba. Muka tashi muka yi salla, ita kuma ta zauna tana tsare mana jakunkuna da takalma, tana korar kuliyoyin da suka ji ƙamshin nama.